Yadda ake nemo yadin da ya dace da kujerun tsohuwar mota a Yamai

Fijo 504 ɗin mahaifinmu ta yi shekara goma sha ɗaya ajiye ƙarƙashin rumfa a Tawa kafin in jawo ta zuwa Yamai. Inji bai ba ni wahala ba, don makanikan da suka san 504 kamar yunwar cikinsu har yanzu suna nan da ransu. Fenti ma cikin mako biyu aka gama. Kujeru ne suka ci mini wata bakwai, kuma fiye da rabin lokacin nan ya tafi wajen yawon neman yadi. Mazaunin direba ya fashe har soso ya leƙo, saman kujerar baya rana ta cinye shi, sauran kuwa lafiya lau suke. In da zan yarda a yaye komai a sa baƙar leda irin ta taksi, da kwana uku an gama. Amma wannan kujera ita muka hau zuwa Ƙonni muna yara, ita nake so in sake gani. Ga yadda aikin ya bi, har da inda na yi tuntuɓe.

Mataki na farko: san motar da ke hannunka

Kafin ka taka kasuwa, rubuta samfurin motar, shekarar ƙira da lambar shasi daga takardunta da kuma farantin ƙarfen da ke jikinta. Wannan yana da amfani ƙwarai ga 504, domin iri biyu ne suke yawo a ƙasar nan. Akwai wadda aka ƙera a Faransa tsakanin 1968 da 1983, akwai kuma wadda aka haɗa a Kaduna, inda kamfanin Peugeot ya fara aiki a 1975 ya ci gaba da fitar da 504 shekaru da yawa bayan Faransa ta daina. Ba lallai kujerun biyun su zo ɗaya ba. Wanda ya aika Faransa neman yadin motar Kaduna yana iya samun abu mai kyau da bai yi kama da nasa ba.

Masu Marsandi sun fi mu sa'a. A samfurin W123, wanda aka yi daga 1976 zuwa 1986, kayan ciki suna da lamba mai alƙaluma uku a katin bayanan motar: in ta fara da 0 yadi ne, 1 ledar nan ce da suke kira MB-Tex, 2 fata, 9 karammiski. Tsofaffin Toyota kuma suna da wurin da aka rubuta C/TR a farantinsu, lambar farko ta fenti, ta biyu ta kayan ciki. Kwafe su a takarda ka sa aljihu.

Mataki na biyu: yanko samfuri daga inda rana ba ta taɓa gani ba

Nan ne gindin aikin, kuma nan mutane suka fi yin garaje. Launin da kake gani a saman kujera ba shi ne launin motar ba. Abin da rana, zufa da ƙurar hunturu ta shekara arba'in suka bari ne. Launin asali yana ɓoye.

Ɗaga mazaunin baya ka juya shi. A ƙasa za ka ga inda aka naɗe bakin yadin aka kama shi da ƴan zobban ƙarfe a jikin firam. Yawanci akwai rarar yadi a wurin, faɗin yatsa biyu ko uku. Sa sabuwar reza ka yanko gwargwadon tafin hannun yaro, daga bayan zobban, yadda kujerar ba za ta saki ba. In babu rara a nan, duba tsakanin mazauni da majingina, ko ƙarƙashin matashin kai, ko bayan majinginar baya ta cikin but. Da na juya tawa, sai da na tsaya ina kallo. Duk rayuwata na ɗauka kujerun ruwan ƙasa ne, ashe ruwan zuma ne mai haske da ƴan siraran layuka masu duhu a ciki.

Sannan ka yanko samfuri na biyu daga wurin da ya lalace, wanda za a zubar ko ta yaya. Wanke shi da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, ka shanya a inuwa. Jar ƙasarmu tana rina yadi, kuma sau da yawa abin da ake cewa koɗewa datti ne kawai. Haka ma kujerun da ba za a taɓa ba, a wanke su yanzu, kafin a zaɓi launi. Wanda ya daidaita sabon yadi da kujera mai datti, ranar da aka wanke motar zai ga abin mamaki.

Kafin ka cire ko wane samfuri, zana kibiya da alli ko biro a bayansa, mai nuna gaban mota. Za ka gane amfaninta nan gaba.

Mataki na uku: gane irin kayan

Kayan kujerun tsofaffin motoci ba su wuce huɗu ba: saƙaƙƙen yadi, karammiski, leda wadda masu sana'a a Yamai suke ce wa simili ko sikai, da fata ta gaske. Motoci da yawa haɗi ne, tsakiya yadi, gefe da baya leda.

Bambanta fata da leda ba wuya. Bayan fata gashi-gashi ne, bayan leda kuwa akwai ƙyalle manne da shi. Ɗiga ruwa a bayan fata za ta sha, fuskar leda sai ruwan ya gangare.

Zaren yadi shi ne sai an gwada da wuta. Zare ƴan silla kaɗan daga samfurin da ya lalace, ka riƙe da filaya, nesa da mota da esansi, ka kusanta ashana. Ulu yana warin ƙonannen gashi, ya bar gawayi mai murƙushewa tsakanin yatsu. Auduga tana ci kamar takarda, tokarta laushi. Nailan da foliyesta narkewa suke yi su dunƙule su yi tauri kamar ƙwayar tasbaha. Leda kuwa baƙin hayaƙi take yi mai shaƙe maƙogwaro, kada ka kai hanci. Wannan ɗan gwaji zai hana mai shago ya sayar maka da abin da ba shi ba ne da rantsuwa.

In ledar tsakiyar kujerarka tana da layuka ko zane da babu zare a cikinsu, da zafin na'ura aka danna su a masana'anta. Keken ɗinki ba ya iya wannan. Ko dai a samo irinta daga wata mota, ko ka yarda a kwaikwayi layukan da ɗinki. Gara ka san haka tun yanzu.

Mataki na huɗu: yanke shawara tsakanin launi biyu

Yanzu kana da samfuri biyu a hannu, na asali da na koɗaɗɗe. In kujerun duka za a sake, bi na asali. In gyaran wuri ɗaya ne, bi koɗaɗɗen da ka wanke, ko abin da ya faɗa tsakaninsu ya ɗan fi karkata ga duhu, domin sabon ma zai sha rana ya sauko.

Ra'ayina a nan, kuma na yi gardama da mutane a kansa: saƙa ta fi launi muhimmanci. Ido yana yafe ɗan bambancin launi, musamman a mota mai shekaru. Amma yadi mai santsi kusa da mai kaushi, ko mai ƙyalli kusa da mara ƙyalli, ko yaro zai nuna shi daga bakin ƙofa. Saboda haka jerin da nake bi shi ne saƙa da kauri, sannan girman zane, sannan ƙyalli, launi a ƙarshe.

Mataki na biyar: inda ake nema

Fara da tapisiye, mai gyaran kujerun mota, kuma ka nemi dattijo. Matasan sun iya ɗinki, wasunsu ma sun fi saurin hannu, amma dattijon da ya yi aiki lokacin da 404 da 504 suka cika tasha shi ya san yadin da ido. Irinsu ba sa zubar da ƙyalle. Wanda na samu, a wata rumfa can wajen Bukoki, ya karɓi samfurin ya murza tsakanin yatsu ya ce, "Ɗana, wannan ba na kasuwa ba ne. Ka je inda ake yanka motoci." Na ce, "Baba, ai waɗancan sun fi tawa lalacewa." Ya yi dariya ya ce in duba kujerar baya, ba ta gaba ba.

Gaskiyarsa. Mota takan mutu da hatsari ko lalacewar inji alhali kujerar bayanta ba ta sha zama ba. Majinginar baya ta mota irin taka, in an farke ta da kyau, tana isa a fitar da tsakiyar mazaunin direba, kuma yadi ne da ya tsufa tare da naka, abin da kuɗi ba sa saya a shago. Don haka zaga wuraren da ake yanka motoci, waɗanda ake ce wa kas, da garejojin da matattun motoci ke jibge a bayansu. Ka bar lambarka wajen yaran gareji da alkawarin ɗan goro. Su suka san wace mota ce ke kwance a wane gida. Kafin ka biya, ja yadin da hannu biyu a wurin da ba ya nunawa. In ya yi ƙara kamar zai yage, ko gari ya zubo daga bayansa, rana ta gama da shi, bar musu.

Sai kasuwa. Babbar Kasuwa, Katako da Wadata duk ana samun masu yadin kujeru, leda da soso. Sai dai yawancin abin da ke wurin na kujerun falo ne, kuma nan ne na ƙone hannuna. Na ga wani karammiski a wani shago, ƙarƙashin ƙwan lantarki ya zo daidai da nawa kamar an tsaga kara. Na saya, aka yi majingina ɗaya don gwaji. Bazara guda ta ishe shi: kafin ruwan farko ya koma wani launi da ba shi da suna. Yadin falo an yi shi ne don inuwa. A Yamai zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40 a waje, cikin motar da aka rufe kuwa tanda ce. Kama da wane ba ta wane.

Mutanen Tawa suna da hanyar Ƙonni zuwa Sakkwato, kuma wanda ke da ɗan'uwa mai zuwa Kano zai iya ba shi samfuri ya duba Kantin Kwari don yadi, Ƙofar Ruwa don tsofaffin kayan mota. Ga motar Kaduna, can ne ya fi kusa da gida. Ka raba samfurinka gida biyu ko uku, kada ka taɓa ba da na ƙarshe.

In duk wannan bai yi ba, akwai masu sake saƙa yadin tsofaffin motoci a Faransa da Jamus, kuma ƙungiyar L'Aventure Peugeot da ke Sochaux tana kula da kayan tsofaffin Fijo. Ana tura musu samfuri da shekara da hoto. Ɗauki hoton a inuwa da rana, ka shimfiɗa farar takarda a gefe, ka ɗora tsabar dala ashirin ko ma'auni a kan yadin don a gane girman zanen. Duk da haka kada ka biya kuɗin mita da yawa a kan hoton WhatsApp, domin kowace waya da irin launin da take nunawa. Roƙi su aiko ɗan ƙyalle tukuna, ko ta hannun mai zuwa gida. Ka kuma lissafa kuɗin aike da na duwan tun farko, don wani lokaci sun kai kuɗin yadin.

Game da fatar gida: dukawanmu gwanaye ne, kuma fatar akuya da ake jima a ƙasar Hausa ta yi suna har ƙetare. Amma ƙanana ce, siririya ce, rininta kuma yakan zuba in ya haɗu da zufa. Farar shadda ta Juma'a ba za ta gode maka ba. Kujerar mota tana son fatar saniya da aka jeme aka rufe fuskarta don wannan aiki.

Mataki na shida: gwaji kafin biya

Fitar da bandir ɗin waje. Mai shagon da ya hana ka, wuce na gaba. Tsaya a inuwa mai haske, da hantsi ko bayan la'asar, ka ɗora samfurinka a kan yadin, kibiyar tana kallon tsawon bandir. Duba daga sama, sannan ka karkata ka duba daga gefe, sannan ka ja baya taku uku.

In karammiski ne, shafa shi da tafin hannu gaba da baya. Gashinsa yana da kwanciya, ta ɗaya gefen ya yi haske, ta ɗayan ya yi duhu. Amfanin kibiyar nan ke nan: yadi ɗaya tak, in an yanka shi a juye, sai ya fito kamar kala biyu.

Ja shi a tsaye, a kwance da kuma a karkace. Kujera tana da lanƙwasa, yadin da ba ya miƙewa ko kaɗan zai yi tattara a kusurwa, wanda ya cika miƙewa kuma zai yi jaka bayan wata biyu. Jiƙa farin ƙyalle ka goga da ƙarfi, in ya ɗauki launi ka ajiye. Leda kuma ninka ta ka danna da farce, in wurin ya yi fari ko ya tsage ba ta da rai. Duba bayanta, wadda ke da saƙa mai miƙewa ta fi mai bayan auduga-auduga ƙarko.

In akwai takarda a jikin bandir ɗin, nemi abu biyu. Martindale ma'aunin jure goga ne, daga 40,000 zuwa sama shi ake ɗauka na aiki mai nauyi. Jure haske kuma ana auna shi daga 1 zuwa 8, ga ƙasarmu kada ka sauka ƙasa da 6. Yawancin bandiran kasuwa ba su da takarda, don haka ga gwajin talaka: sayi rubu'in mita, ka rufe rabinsa da kwali, ka ajiye a bayan gilashin mota mako uku a rana. Ɗaga kwalin ka gani. Da na yi haka tun farko, da kuɗin majinginar nan suna aljihuna.

Mataki na bakwai: awo da saye

Kada ka yi ƙiyasi da ido. Bari tapisiye ya farke tsohuwar rigar kujerar ɗinki bayan ɗinki, ya lambata kowane yanki, ya zana shi a kwali, ya jera kwalayen a faɗin yadin, wanda yawanci yake kusan santi 140. Duk yankunan su kalli gefe ɗaya. In yadin mai layi ne ko mai zane, dole layin mazauni ya haɗu da na majingina, kujerar hagu ta yi daidai da ta dama, kuma wannan yana cin yadi. Abin da awo ya bayar, ƙara aƙalla rabin mita. Saya duka lokaci ɗaya, daga bandir ɗaya, don bandir biyu masu suna ɗaya sukan bambanta a rini. Rarar ka naɗe ta a takarda ka ɓoye a ɗaki mai duhu.

In ba a samu daidai ba fa

Wannan yana faruwa, kuma ba ƙarshen duniya ba ne. Dabarar ita ce kada sabo da tsoho masu kama su haɗu a fili ɗaya. Faci a tsakiyar mazauni kullum faci ne. A sake yankin gaba ɗaya daga ɗinki zuwa ɗinki, inda igiyar gefe ta raba shi da maƙwabcinsa. In an sake tsakiyar kujerar direba, a sake ta mai zaman gaba ma, sai ya zama kamar haka aka ƙero motar.

Akwai kuma dabarar da dattijon tapisiyen nan ya yi mini, wadda ta fi kowace burge ni. Ya cire lafiyayyen yadin asali daga kujerar baya ya gyara na gaba da shi, inda ido ya fi sauka. Saman kujerar baya da rana ta ci kuma ya cike shi da wanda muka samo daga wata 504 da ke kwance a wani gareji a hanyar Tallaje, sabon yadin kasuwa ya tafi can ƙasa inda sai mai wankin mota ke gani.

Mataki na ƙarshe: abin da ke ƙarƙashi, da sharaɗi da mai ɗinki

Sabon yadi a kan mataccen soso asarar kuɗi ce, domin ramin da ke ƙasa shi ya fasa na farko. Danna soson, in bai dawo ba ko yana zubar da gari, a sake. Na mazauni ya zama mai nauyi, kilo 30 zuwa 35 a kowace mita kubik ko fiye, ba soson katifar araha ba. A duba sifirin da firam, a yi walda inda ya karye kafin a rufe. Tsofaffin Marsandi ba soso ne zalla a ciki ba, wata tabarma ce ta zaruruwa da aka haɗa da roba, in ka ga gari ruwan ƙasa a ƙarƙashin kujera ita ce ke narkewa.

Zare ya zama na foliyesta mai kauri, na auduga zafi da zufa suna ruɓar da shi. A leda kada a matse ɗinki, tazarar mili 5 zuwa 6 ta isa, in ya fi haka matsewa allura tana jera huda ne ledar ta yage a kan layin kamar takardar rasit. A ƙirga ɗinkin asali a kwaikwaya, a daidaita launin zaren da kaurin igiyar gefe.

Ka ɗauki hoton kujerun ta kowane gefe kafin a kwance, ka bar wa mai aikin kwafi. Ku yi ciniki a gaban shaida, ka ba da kafin alƙalami, ragowar sai an gama. Ka ce a fara da yanki ɗaya, matashin kai ko majinginar mai zaman gaba, ka zo ka gani a cikin motar da rana kafin a sa almakashi a sauran. Tsofaffin rigunan da aka farke kuma naka ne, ka faɗa tun ranar farko, in ba haka ba za ka tarar an yi wa wani babur sirdi da su. Nawa suna cikin buhu a saman kabad, da kwalayen awon, kowane da lambarsa.